Kafaɗar Manny Pacquiao da takardar da aka cika da "a'a"

Kafin ɗan damben boksin ya hau dandali a jihar Nevada ta Amurka, akwai takardar lafiya da hukumar wasannin jihar ke miƙa masa ya cika. Tambayoyi ne a jere, kowace da gurbi biyu a gabanta, na "eh" da na "a'a". Ɗaya daga cikinsu tana tambaya ko ɗan damben ya samu rauni a kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko hannu, wanda ya sa sai da likita ya duba shi. A takardar Manny Pacquiao ta damben 2 ga Mayu 2015, wanda ya yi da ɗan damben Amurka Floyd Mayweather a ɗakin wasa na MGM Grand da ke Las Vegas, gurbin "a'a" aka yi wa alama. Kwana huɗu bayan damben, likita ya yi masa tiyata a kafaɗar dama, ya ɗinke jijiyar da ta yage.

Wannan 'yar alama ita ce ta hana shi allurar da ya nema a daren damben, ita ta jawo ƙararraki gommai a kotunan Amurka, kuma ita ta sa har yau ba a gama gardamar damben da ya fi kowane dambe kawo kuɗi a tarihi ba. Amma kafin a gane nauyinta, sai an san wane ne mai kafaɗar, da abin da hannun daman nan yake yi masa.

An haifi Emmanuel Dapidran Pacquiao ranar 17 ga Disamba 1978 a Kibawe, lardin Bukidnon, a tsibirin Mindanao na kudancin Filifin. A birnin General Santos ya tashi, hannun mahaifiyarsa Dionisia, cikin talauci na gaske. Yana ɗan matashi ya bar gida ya tafi Manila neman abin kai wa baka. A Janairun 1995, yana da shekara 16, ya yi dambensa na farko na kuɗi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa jikinsa bai kai mafi ƙarancin nauyin da ake yarda da shi ba, wato kilo 47 da ɗoriya, sai ya zuba ƙarafa a aljihu kafin ya hau ma'auni. Labari ne da ake bayarwa ana dariya. Ni kuwa ina ganin ya kamata a riƙe shi a zuciya, domin yana nuna tarbiyyar da sana'ar ke yi wa ɗanta tun daga ranar farko: jikinka sirrinka ne, duk abin da zai hana ka hawa dandali ka san yadda za ka rufe shi, don idan ba ka hau ba, ba a biyanka.

A Disambar 1998 ya je har Tailan ya buge Chatchai Sasakul a turmi na 8, ya karɓi kambunsa na duniya na farko. A 2001 ya shiga ɗakin atisaye na Wild Card a Hollywood, ya haɗu da Freddie Roach, mai horarwar da sunansa ya manne da nasa tun daga nan. A Yunin wannan shekara aka kira shi cike gurbi saura mako biyu, ya lallasa Lehlo Ledwaba na Afirka ta Kudu a turmi na 6. A ɗakin MGM Grand ɗin nan ne ma. Daga nan ya yi ta hawa ajin nauyi bayan aji, yana karawa da manyan 'yan dambe: Barrera, Morales, Márquez, De La Hoya, Hatton, Cotto, har zuwa Antonio Margarito a Nuwambar 2010, inda ya zama mutum ɗaya tilo da ya ci kambu a azuzuwan nauyi takwas. A wannan shekarar kuma mutanen lardin Sarangani suka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai.

Pacquiao bahago ne. Wanda ya saba kallon damben gargajiya zai gane tsarin nan da nan: hannu ɗaya a baya, shi ne na kisa, ɗaya kuma a gaba yana tarewa yana auna tazara. Bambancin shi ne a boksin hannun gaban ma naushi yake yi, har ya fi na bayan yawan aiki. Ga bahago, hannun gaba shi ne na dama. Da shi yake tsokanar abokin karawa, da shi yake rufe masa ido kafin hagun ya iso. A farkon zuwansa Amurka, Pacquiao kusan hannu ɗaya gare shi, hagun nan mai kama da guduma. Bayan Erik Morales ya doke shi a Maris 2005, Roach ya duƙufa wajen gina masa hannun dama, har ya zama makami mai zaman kansa. Faɗuwar farko da Ricky Hatton ya yi a 2009, naushin dama ne daga gefe ya kai shi ƙasa. To wannan hannun ne ya samu matsala.

Damben da ya makara

Tun ƙarshen 2009 duniya ke neman a haɗa shi da Mayweather. Tattaunawar farko ta wargaje ne a kan gwajin jini. Ɓangaren Mayweather ya ce sai an riƙa ɗibar jinin 'yan damben ba sanarwa har gab da ranar karawa. Pacquiao ya ƙi, yana cewa jinin da aka ɗiba masa ana gab da dambensa na farko da Morales ya rage masa ƙarfi. Aka yi ta jifansa da zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ya shigar da ƙarar ɓata suna, aka sasanta a 2012. A ƙarshen wannan shekarar Juan Manuel Márquez ya shimfiɗe shi a turmi na 6, ya faɗi rub da ciki bai motsa ba, mutane da yawa suka ce maganar ta mutu.

Ba ta mutu ba. A Janairun 2015 suka haɗu a filin ƙwallon kwando a Miami, suka yi musayar lambar waya, ranar 20 ga Fabrairu aka sanar da damben. A ranar damben Mayweather na da shekara 38, ya yi dambe 47 ba a taɓa doke shi ba. Pacquiao na da 36. Aka amince a raba kuɗi kashi 60 ga Mayweather, 40 ga Pacquiao. Tashoshin HBO da Showtime, waɗanda kishiyoyin juna ne, suka haɗa hannu don nuna shi. Kuma a wannan karon Pacquiao ya yarda hukumar USADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a Amurka, ta yi musu gwajin jini da fitsari duk lokacin da ta ga dama.

Nan ne tushen rikicin. Damben ya zama yana da masu gadi biyu, kowa da ƙofarsa. USADA 'yan damben ne suka ɗauke ta aiki bisa yarjejeniya, aikinta ta ce wannan magani halas ne, wancan haram ne. Hukumar wasanni ta Nevada kuwa ita ce gwamnati, ita ke ba da lasisi, ita ke da likitoci a bakin dandali, ita ke da ikon cewa mutum ya isa hawa ko bai isa ba. Abin da aka faɗa wa ɗaya ba lallai ne ya kai kunnen ɗayar ba.

A farkon Afrilu, saura wajen wata guda, Pacquiao ya ji ciwo a kafaɗar dama yana atisaye. Likitoci suka duba shi, aka ɗora shi a kan magani. Mutanensa sun ce sun yi shawarar ɗage damben, amma da suka ga kafaɗar na samun sauƙi sai suka ci gaba. Suka sanar da USADA irin magungunan da ake son amfani da su, har da Toradol, allurar rage kumburi da zogi da suke son a yi masa a daren damben. USADA ta ce babu ɗaya a cikinsu da ke jerin haramtattu. Hukumar Nevada kuwa ba wanda ya ce mata uffan. Da aka zo cika takardar lafiya, mashawarcinsa Michael Koncz ne ya riƙe alƙalami. Ya jera sunayen magungunan a inda ake tambayar magani, sannan a tambayar raunin kafaɗa ya yi alama a "a'a". Daga baya ya ce kuskure ne, ya ɗauki laifin.

Ko kuskure ne ko dabara, Allah ne masani, amma kowa na iya ganin dalilin da zai sa a so yin shiru. Idan labari ya fita, Mayweather, wanda ba a yi mai karanta abokin karawa kamarsa ba a zamaninsa, zai san gefen da zai bi. 'Yan caca za su juya. Masu niyyar biyan kusan dala 100 don kallo a gida za su sake tunani. In kuma aka ɗage, tiyata da jinya za su ci wata tara ko shekara, ga damben da aka yi shekara biyar ana jan igiya kafin a ƙulla shi, tsakanin mutum biyu da shekaru suka fara ja. Wa zai ba da tabbacin Mayweather zai jira? Gaba kura, baya siyaki.

Daren 2 ga Mayu

Saura 'yan sa'o'i a buga ƙararrawa, mutanen Pacquiao suka nemi izinin yi masa allurar a ɗakin shiri. Shugaban hukumar Nevada na lokacin, Francisco Aguilar, ya ce a'a. Hujjarsa a fili take: a lokacin ne suka fara jin maganar rauni, ga kuma takarda mai ɗauke da sa hannun ɗan damben tana cewa lafiyarsa ƙalau. A kan me za a yi wa mai lafiya allurar kashe zogi ana gab da dambe? A nan ba na ganin laifin hukumar ko kaɗan. Maganin kashe zogi a jikin ɗan dambe ba abin wasa ba ne, don zogi shi ne ke gaya wa mutum ya tsaya. Da an sanar da su tun da wuri, da likitocinsu sun duba hoton kafaɗar sun yanke hukunci, ko su yarda da allurar ko su hana damben. Wataƙila wannan na biyun ne ake gudu. Sirrin da aka rufe don kada abokin gaba ya ji, shi ya dawo ya ɗaure mai shi.

A waje kuwa duniya ta tsaya cak. Mutum sama da 16,000 a cikin ɗaki. Masu sayen kallo ta talabijin sun yi yawan da na'urorin kamfanoni suka cushe, har sai da aka jinkirta fara damben. A Filifin safiyar Lahadi ce, an kafa manyan allunan kallo kyauta a filaye da ɗakunan wasanni, a tsibirin Palawan ma kamfanin lantarki roƙon jama'a ya yi su kashe firij don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar kallo. A Najeriya da Nijar da asuba aka kalla.

Turmi uku na farko Mayweather ya yi abin da ya saba: naushin hagu mai tsawo zuwa fuska da ciki, dama ta biyo baya, in an matso ya rungume ko ya zame ta gefe. Hannunsa ya fi na Pacquiao tsawo da inci 5, kuma ya ci moriyar kowane inci. A turmi na 4 hagun Pacquiao ya same shi sosai, ya ja da baya ya jingina da igiya, ya haɗe hannuwa ya rufe fuska. Pacquiao ya rufe shi da ruwan naushi, ɗaki ya ɗauki ihu. Yawancin naushin a kan damatsa da safar hannu suka sauka. Bayan 'yan daƙiƙu Pacquiao da kansa ya ja baya, Mayweather ya girgiza kai alamar bai ji komai ba. An ɗan sake irin haka a turmi na 6. Daga nan sai bi da gudu, bi da gudu, har ƙararrawar ƙarshe.

Alƙalan maki uku duk Mayweather suka ba: 118-110, 116-112, 116-112. Ƙididdigar CompuBox, masu ƙirga naushi da kwamfuta, ta nuna Pacquiao ya kai naushi 429, 81 suka samu. Mayweather ya kai 435, 148 suka samu. A auna wannan da dambensa da Margarito, inda ya kai naushi sama da 1,000 a turmi 12 ɗin nan. Mutumin da aka sani da yawan naushi, ga shi mai kare kai ya fi shi kai hannu.

A kan dandali, da aka miƙa masa makirufo, Pacquiao cewa ya yi yana ganin shi ya yi nasara. Sai a taron manema labarai maganar kafaɗa ta fito, daga bakinsa da bakin Bob Arum, mai kamfanin Top Rank da ke shirya masa dambe. Suna ganin bayani suke yi, har da ƙorafin an hana su allura. Ba su lura cewa da bakinsu suke shaida wa mutum miliyan 4.6 da suka sayi kallon a Amurka cewa an yi musu cinikin biri a sama ba.

Shin kafaɗar ce ta kayar da shi? Ra'ayina, a'a, ko aƙalla ba ita kaɗai ba. Duk wanda ya kara da Mayweather yawan naushinsa raguwa yake yi, domin mutum ba ya son ya yi ta dukan iska ana mayar masa da martani a hanci. Canelo Álvarez da kafaɗunsa biyu lafiyayyu ya shiga a 2013, bai ji da daɗi ba. Márquez, wanda ya sha ba Pacquiao wahala da salon jira ka rama, Mayweather wasa ya yi da shi a 2009. Matsalar Pacquiao a daren ta ƙafa ce kafin ta zama ta hannu: bai iya tare hanya ya killace mutumin a lungu ba. Sai dai kuma bahagon da hannun gabansa ke ciwo ya rasa mabuɗin ƙofa. Kunkuru na son dambe, ba shi da yatsa. Don haka masoyansa na da abin riƙewa har abada, kuma wannan ne ya ƙona wa Mayweather rai. Da farko ya nuna zai yarda a sake karawa bayan jinya, cikin 'yan kwanaki ya janye, ya kira Pacquiao wanda bai iya shan kaye ba.

Ranar 6 ga Mayu Dakta Neal ElAttrache, likitan da ya taɓa yi wa tauraron ƙwallon kwando Kobe Bryant aiki, ya yi tiyatar a Los Angeles. Raunin dai gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Shugaban USADA, Travis Tygart, ya wanke hukumarsa da cewa su tambayar halascin magani kawai aka yi musu, ba a ba su hoton kafaɗa ko takardar likita ba, kuma sanar da Nevada ba aikinsu ba ne.

Bayan wata huɗu sai ga wata ta ɓullo daga ɗaya ɓangaren. Marubucin dambe Thomas Hauser ya fallasa cewa bayan awon nauyi, ranar jajibirin damben, an yi wa Mayweather ƙarin ruwa a gidansa, ruwan gishiri da sinadaran bitamin, adadin da ya wuce abin da dokokin hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta duniya suka yarda a ɗura ta jijiya ba tare da izini ba. USADA ta ba shi izinin ne kusan mako uku bayan an gama damben. Ita da Mayweather sun dage cewa bai karya doka ba, kuma abin da aka ɗura masa ba haramtacce ba ne. Amma hoton da ya fito bai yi kyau ba: ɗaya ya nemi allura kafin dambe an hana shi, ɗaya ya yi tasa an ba shi takarda daga baya. Kuma a nan ma giɓin nan ne tsakanin masu gadin biyu.

A gaban kotu

Ba a yi mako da damben ba aka fara shigar da ƙara. Masu sayen kallo, masu tikiti, masu mashaya da suka biya kuɗi mai yawa don nuna wa kwastomomi, duk suka ce an yaudare su. Waɗanda ake ƙara sun haɗa da Pacquiao, Koncz, Arum da Top Rank, HBO, har da Mayweather da kamfaninsa. Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne: kallon talabijin kaɗai ya kawo sama da dala miliyan 400, kuɗin ƙofa ya haura miliyan 72, kuma kowane ɗaya daga cikin 'yan damben ya tashi da fiye da miliyan 100. Aka tattara ƙararrakin a kotun tarayya da ke Los Angeles, gaban Mai shari'a R. Gary Klausner.

A Agustan 2017 ya kori ƙarar. Ma'anar hukuncinsa ita ce wanda ya sayi tikiti ko kallo, damar ganin dambe ya saya, kuma ya gani: mutanen da aka ce za su kara sun kara, turmi 12 cur. Ba wanda ya sayar masa da alkawarin cewa damben zai yi armashi. A Nuwambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin.

Ta fuskar shari'a na fahimci dalilin. Da an buɗe wannan ƙofa, duk ƙungiyar ƙwallon da ta sa ɗan wasa mai ciwon gwiwa ba ta faɗa ba sai ta tsinci kanta a kotu, kuma kusan babu ɗan damben da ke fitowa daga mako takwas na atisaye ba tare da wani wuri na yi masa ciwo ba. Amma akwai abin da hukuncin bai taɓa ba. Ƙungiyar ƙwallo mutum goma sha ɗaya ce, in ɗaya ya gaza a canja shi. A dambe hajar gaba ɗaya jikin mutum biyu ce, hannu huɗu. In ɗaya daga cikin huɗun ya yage, kuma masu sayarwa sun sani tun wata guda, suka ci gaba da tallata cewa kowa garau yake, to ko doka ta wanke su, mai saye yana da hakkin ya ji haushi. Abin da ya fi damuna ma shi ne takardar. An yi ta ne don kare ran ɗan dambe daga kwaɗayin kansa da na masu ci daga jikinsa, sai ga shi ɗaya daga cikin masu cin ne ya cika ta.

Aguilar ya ce za a binciki yadda aka yi aka rubuta "a'a". Ko ma me binciken ya gano, bai hana Pacquiao lasisi ba. Ranar 9 ga Afrilu 2016, wata goma sha ɗaya bayan tiyata, ya koma ɗakin MGM Grand ƙarƙashin hukumar nan, ya kayar da Timothy Bradley sau biyu, ya ci da maki. Wata guda bayan haka aka zaɓe shi sanata. A 2019, yana da shekara 40, ya doke Keith Thurman ya karɓi kambu. Ya yi ritaya a 2021 bayan Yordenis Ugás ya doke shi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2022 ya zo na uku. A Yulin 2025, yana da shekara 46, ya sake hawa dandalin MGM Grand neman kambun Mario Barrios, ya yi turmi 12 da gyararriyar kafaɗar. Alƙali ɗaya ya ba Barrios 115-113, biyu suka rubuta 114-114, aka tashi kunnen doki.